Robar ƙasan parashok: a cire ko a bari?

Sani Mai Dusa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar masu sani. Na karɓi Tacoma ƙirar 2017 da ƙanena ya hawo min da ita daga Lome. Mota lafiya lau, sai dai akwai wata baƙar roba doguwa da ke rataye ƙarƙashin parashok na gaba, wato abin nan mai tare karo a hancin mota, daga wannan taya zuwa wancan, ta sauko ƙasa wajen faɗin tafin hannu. A gudron ba ta dame ni ba. Amma ni aikina kai dusa da angurya kasuwannin daji ne, Kaita, Ibohaman, wani zubin Cintabaradan. Duk gangaren da na shiga sai na ji ƙurrr a ƙasa. Jiya a wani kori bayan Tamaske ta kwashi yashi har gefen dama ya tsage. Yaron gareji ya ce a cire a yar, ba ta da aiki. Ni kuma ina ganin kamfani ba zai kashe kuɗinsa ya sa abin banza ba. Me kuka gani?

Malam Idi Makaniki: Wa alaikumus salam. Allah shi sa albarka, Alhaji, Allah shi tsare hanya. Cire ta. Tun da nike wanga aiki ban ga motar da ta mutu don an cire mata wagga roba ba. Dubi Land Cruiser ɗin da ke tahiya Tasara da Tiliya, ina tasu robar? Ƙarhe ne tsirara a gaba, kuma su ne sarakunan daji. Motocin ga na Amurka an yi su ne don hanyar da babu ko tsakuwa guda bisanta.

Saini Direba, Yamai: Maganar Malam Idi gaskiya ce. Ko ba ka cire ba hanyar Cinta za ta cire maka, kuma ita ba ta zuwa da kile. Abin da na gani da idona: roba ta hau kan tudun yashi, direba ya sa baya don ya fita, sai leɓen ya kama ƙasa ya lanƙwaso gaba, ya janyo rabin parashok da fitilar hazo. Abin da za a kwance a kyauta ya koma neman parashok sabo.

Bagobiri Na Madawa: Kai Bazabarme, yaushe ka san yashi? Kai da ba ka wuce Gada Kennedy zuwa Babbar Kasuwa. Alhaji Sani, kar ka saurari bawana.

Saini Direba, Yamai: Ga ɗan kayana ya iso. Ranar da ka maƙale a Majiya da lodin albasa wa ka kira?

Malam Musa Mai Koyar da Makanikanci: Ina wuninku. Malam Idi, da girmamawa, haɗa Tacoma da Land Cruiser bai yi ba. Land Cruiser dangin 70 tun 1984 aka fara su, kuma ba don gudu aka yi su ba. Gabansu a tsaye yake, injin 1HZ mai lita 4.2 ba mai gaggawa ba ne, kuma tun asali an tsara iskarsu ba tare da wannan roba ba.

Robar da Alhaji ke magana aiki biyu take yi. Na farko tana hana iska kwarara ƙarƙashin mota. Ƙasan pik-ap ba sumul yake ba: ga pon, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, ga sasi, ga salansa, ga tayar sukur. Iska in ta shiga can sai ta yi ta karo da su tana riƙe motar. Robar na ture ta ta bi gefe, shan mai ya ragu kaɗan. Amurka ta kafa doka a 1975 da ta ɗora wa kamfanonin mota rage shan mai, shi ya sa galibin pik-ap ɗinsu na yanzu da wannan abu suke zuwa.

Na biyun shi ya fi shafarmu a nan. Radiyater ba ya sanyaya ruwa sai iska ta ratsa shi ta fice ta baya. In robar ta tare iska a gaba, bayanta, wato ƙarƙashin inji, matsin iska yakan ragu, sai zafin da ya ratso radiyater ya samu ƙofar fita ta ƙasa. In an cire ta, iskar ƙasa na iya cika ɗakin inji, wadda ke son shigowa ta gaba ta rasa wurin shiga yadda ya kamata. A ƙasar sanyi wannan ba komai ba ne. Mu kuwa watan Afrilu da Mayu muna ganin digiri 45, ga kilim, wato na'urar sanyaya cikin mota, a kunne, ga kaya a baya.

Malam Idi Makaniki: Malam, wagga karatun takarda ce. Ni allurar zahin inji nike dubi. Motocin da munka cire ma roba suna nan suna yawo, allurarsu tsakiya take.

Malam Musa Mai Koyar da Makanikanci: Allurar motocin yanzu ba ta faɗin gaskiya duka, Malam Idi. An tsara ta ta zauna a tsakiya ko zafin ya ɗan hau ko ya ɗan sauka, don kar direba ya riƙa firgita. Lokacin da ka ga ta motsa sama abu ya riga ya yi nisa. In ana son sanin zafin ruwa na ainihi sai an soka na'urar nan ta gwaji ƙarƙashin sitiyari a karanta lambar. Kuma Tacomar Alhaji ina jin otomatik ce, ko?

Sani Mai Dusa: Otomatik ce, V6 mai shan esans.

Malam Musa Mai Koyar da Makanikanci: To ka gani. Man bwat ɗin, wato akwatin giya, shi ma da wannan iskar ta gaba ake sanyaya shi, kuma ba shi da allura a tablo da za ta gaya maka yana ƙuna. Bwat otomatik cikin yashi mai laushi da lodi, shi ne ke fara shan wuya kafin inji.

Lawali Kontabil: Ni bari in taɓa gefen kuɗi, don na ga ana tsoratar da mutane da shan mai. Yamai zuwa Tawa wajen kilomita 550 ne, ta Dosso, Dogon Dutsi da Ƙwanni. Mu ƙaddara motar na shan lita 12 a kilomita 100, lita 66 ke nan. Mu ƙaddara cire robar ya ƙara mata kashi 2 cikin 100. Lita guda da ƴan kai. A farashin 499 da aka sa wa esans a 2024, bai kai jika guda ba a doguwar tafiya irin wannan. Ko ka ninka ƙiyasin nawa sau biyu, kuɗin kilishin tsaraba ne. Kuma wannan a gudron ne da gudu. Turjiyar iska da gudu take hawa: in ka ninka gudu sau biyu, ita sau huɗu take ninkuwa. Wanda ke tafiyar 40 a hanyar Kaita iska ba ta san da shi ba. Don haka batun mai a ajiye shi gefe, kamfani da ke sayar da dubban motoci shi wannan ɗan kaso ya dama.

Malam Musa Mai Koyar da Makanikanci: Na yarda da lissafin mai. Amma wannan ƙa'idar ta gudu ita ce kuma hujjata. A hankali cikin daji fanka ce ke jawo iska, robar ba ta da wani tasiri, sai ma ta zama shebur. A gudron da 110 kuwa iskar gaba ce ke aikin, nan ne robar ke da rana. Matsalar Alhaji motarsa guda ce, hanyoyinsa biyu.

Hajiya Rabi, Yamai: Sannunku da muhawara. Ku ba ni dama in sa baki, don nima abin ya shafe ni. Motata RAV4 ce, ba na zuwa daji, amma layinmu a Talladje in damina ta sauka ya fi wani dajin. Robar gabana kullum tana gogar ƙasa, musamman a kan tudun rage gudu da ƴan unguwa ke ginawa da kansu. Yanzu da igiyar roba aka ɗaure min gefe guda. In cire nima?

Malam Idi Makaniki: Hajiya, ke taki daban ce. Kar ki cire. Motarki gajera ce, kuma bayan wagga roba akwai faifan da ya ruhe ƙasan inji, yana tare ruwa da laka kar su hau bel da altanata. A sa miki agaraf sabbi, ki riƙa hawan tudu a karkace, taya guda sannan guda. Kuma ki sani cire roba ba ya ɗaga mota. Karter ɗinki, wato kaskon mai da ke ƙasan inji, yana inda yake. Yanzu in kin ji ƙurrr kina taka birki, in babu roba abin da za ki ji shi ne ƙarar karter bisa dutse, sai mai ya bi ƙasa.

Lawali Kontabil: A'a Malam Idi, wannan hujjar ai ta shafi Alhaji Sani ma. Me ya sa shi ka ce ya cire?

Malam Idi Makaniki: Don shi motatai doguwa ce, roba ce kaɗai ta sauko. In an cire ta abin da ya rage gaba yana sama ƙwarai. Ita Hajiya ko an cire, sauran duk ƙasa suke. Kowace mota da hukuncinta, Lawali, ba lissahin ofis ba ne.

Hajiya Rabi, Yamai: Na gode Malam, Allah ya saka. Gobe zan kai a sa agaraf ɗin.

Saini Direba, Yamai: Akwai hanya mai sauƙi da Alhaji zai ga abin da zai samu. Ka tsai da motar a wuri mai daidai, ka samo katako dogo madaidaici. Ka tura bakinsa ya tokare gindin tayar gaba, sannan ka ɗaga ɗaya bakin har ya taɓa abu na farko a gaban mota. Wannan karkatar ita ce iyakar gangaren da za ka fuskanta ba tare da goga ba. Yanzu robar zai taɓa. Ka danne robar da hannu ka sake ɗagawa, ka ga inda ya tsaya. Bambancin da ka gani shi ne ribarka, ba ƙari ba ragi. Amma tsakiyar mota da pon na baya suna nan yadda suke. A hanyar da manyan motoci suka haƙe, wadda ke da tudu a tsakiya, pon ne ke zama a kai, ko da roba ko babu.

Bagobiri Na Madawa: Yau dai Bazabarme ya yi maganar hankali, a rubuta ranar.

Abdu Amurka: Salamu alaikum ƴan uwa, yanzu na taso aiki na tarar da zaure ya cika. Ina gaida Malam Idi, ina gaida Malam Musa. Nan inda nake wannan gardamar ita ce abincin masu pik-ap, kuma su ma ba su gama ta ba. Abin da zan ƙara shi ne abin da kamfanonin suka yi da kansu. A littafin da ke zuwa da motocin Chevrolet irin su Silverado da Colorado an rubuta cewa in za ka shiga daji kana son gaban mota ya ƙara tsawo kana iya kwance wannan roba, amma in ka fito ka mayar, don doguwar tafiya babu ita na iya ɓata shigar iska wurin inji. Toyota kuma, Tacomar da suka ware don daji, wadda suke kira TRD Off-Road, ƙirar 2017 babu robar suka sayar da ita, alhali injinta ɗaya da na Alhaji Sani. Su Ram daga 2019 da Ford F-150 daga 2021 sai suka yi dabara: roba mai motsi, in mota ta ɗauki gudu ta sauko da kanta, in an rage ta koma sama.

Malam Idi Makaniki: Alhamdu lillahi! Kun ji ko? Toyota da kanta ta cire. Malam Musa, sai ka kai ƙara Japan.

Malam Musa Mai Koyar da Makanikanci: Ka karanta rabin saƙon ka bar rabi. Chevrolet cewa suka yi a mayar. Amma a kan Tacoma wannan bayanin na Abdu yana da nauyi, ban musa ba: tunda kamfani ya fitar da irin wannan injin babu leɓen waje, sanyayarsa ba a kan leɓen ta rataya ba. Abin da ba zan bari ya wuce ba shi ne a ɗauki hukuncin Tacoma a shafa wa kowace mota. Akwai motocin da hancinsu a rufe yake, ta ƙasa suke shaƙar iska, su in ka cire robar a gudron za su tafasa. Kafin kowa ya sa kile ya duƙa ya duba: in babbar tagar iska tana sama a gaban radiyater, da sauƙi, in ta ƙasan parashok take, ya bar robarsa.

Kuma ga inda yaran gareji ke yi mana ɓarna. Ana ce musu a cire roba, sai su kwashe duk wani abu baƙi da ke ƙasa. Akwai ƙananan robobi a gefen radiyater da ƙasansa, masu toshe tsakanin hancin mota da radiyater don iska kar ta kauce ta bi gefe. Akwai kwandon da ke kewaye da fanka. Waɗannan sun fi leɓen waje muhimmanci nesa ba kusa ba. Fanka babu kwandonta iskar gefe take juyawa, ba ta jan komai ta cikin radiyater.

Malam Idi Makaniki: Nan kam muna tare. Yaron da ya taɓa kwandon fanka a garejina ya san sauran.

Malam Musa Mai Koyar da Makanikanci: To tunda muna tare, sai ku daina cire kalorista kuma, wato ɗan abin nan da ke tsare ruwa cikin inji har sai ya yi zafi sannan ya buɗe masa hanyar radiyater. Mota na isowa daga Lome, aikin farko a cire mata kalorista wai ƙasarmu da zafi. Injin zamani da kwamfuta yake aiki, in ya ga ruwa bai kai zafin da aka tsara ba sai ya yi ta ƙara mai yana zaton bai gama ɗumi ba. Da sanyin safiyar Janairu a hanyar Abalak motar ba za ta taɓa kai zafinta ba. Man da ake asara nan ya fi na roba sau nawa.

Malam Idi Makaniki: Kalorista in ya maƙale a ruhe tsakanin Tabalak da Abalak, kai za ka kawo mishi sabo? Na gwammace mota ta sha mai da ta ƙone jwan kilas, shimhiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinshi, a daji.

Malam Musa Mai Koyar da Makanikanci: Me ke maƙalar da shi? Ruwan rijiya da kuke ɗura wa radiyater. Gishirinsa da tsatsa su ke cinye shi, su toshe ƙananan bututu. A sa ruwan radiyater na gaskiya, a canza kalorista in ya tsufa.

Mai Kula da Zaure: Malamai, Allah ya huci zuciyarku. Batun kalorista mun yi shi watan jiya har dare ya raba, ba wanda ya sauka. A koma kan robar Alhaji.

Ghali Direban Poroje: Ni ba makaniki ba ne, amma hanyar Azawak na san ta. Abin da ban ji kowa ya ambata ba shi ne ciyawa. Daga ƙarshen damina zuwa kaka, in kana bin sawun da ciyawa ta tsiro a tsakiya, gaban mota yankarta yake yi. Ƙarangiya da ƴaƴan ciyawa su liƙe a radiyater na kilim, wanda ke gaba, sannan su cika ratar da ke tsakaninsa da na inji, inda ido ba ya gani. Mota sai ta fara zafi a ce roba ce, a ce kalorista ne, alhali tabarma ce ta saƙu a ciki. Robar ƙasa tana kwantar da wata ciyawar kafin ta iso, amma ba ta hanawa. Mu raga mai ƙananan ido muke ɗaurawa a gaba lokacin nan, kowace tsayawa a kakkaɓe, a cire ta in an hau gudron don ita ma tana rage iska.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne busasshiyar ciyawa da ke taruwa jikin salansa, musamman motar esans, wurin tukunyar nan mai tace hayaƙi da ke yin zafi sosai. Wuta daga nan take tashi, ta ci mota ta ci makiyaya. Ina da ƙugiyar waya a ƙarƙashin kujera, duk inda muka tsaya sai na kwanta na zaro. Kuma ba a tsai da mota mai zafi a kan doguwar ciyawa.

Sani Mai Dusa: Malam Ghali, Allah ya biya ka, wannan ban taɓa kawo shi a rai ba. To in na cire robar, me zai kare ƙasan inji daga duwatsun Adar? Hanyar Kaita zuwa Buza ba yashi ba ne, dutse ne mai kaifi.

Saini Direba, Yamai: Robar dama ba ta kare komai daga dutse, Alhaji. Kariya faifan ƙarfe ne da ake ɗaurawa jikin sasi. Leƙa ka gani, Tacoma takan zo da wani siriri, in masu lodi ba su kwance shi a hanya ba.

Malam Idi Makaniki: In babu, ko ya lotse, mai walda shi yanka maka tol mai kauri milimita 3. Amma sharaɗi ukku. A ɗaure shi da bulo ga sasi, kar a yi mishi walda, don wata rana za a so kwancewa. A huda ramin bidanj daidai bakin karter, in ba haka ba duk canjin mai sai an sauke shi, kuma yara ƙyuya za su yi su bar shi a ƙasa. Sannan a bar tazara tsakaninshi da karter, yatsa biyu su shiga, don in dutse ya buge shi ya lotsa kar ya kai ga inji.

Malam Musa Mai Koyar da Makanikanci: Na huɗu: kar a rufe ƙasan ruf. Wasu masu walda sai su shimfiɗa tol tun daga parashok har bwat, babu ko huda, suna ganin sun kyauta. Zafin inji ta ina zai fita? A bar bayansa a buɗe, a yi masa ramuka. Kuma kamar yadda Ghali ya faɗa, saman wannan faifan ɗakin ciyawa ne.

Lawali Kontabil: Ni dai abin da zan roƙa, in an cire kar a yar. Ranar sayarwa mai saye a Yamai zai duƙa ya leƙa, in ya ga ramukan bulo babu komai zai ce mota ta yi hatsari, ya rage maka kuɗi. Kuma kayan Tacoma ba kamar na Hilux ba ne da ko'ina ka shiga za ka samu. Sai ka yi oda ka jira.

Abdu Amurka: Gaskiya ne. Kuma masu Chevrolet su yi haƙuri, a wasunsu kan sukurorin ta sama yake, daga cikin parashok, kuma mai tauraro ne. Hannu da ƙyar yake shiga. Shi ya sa a nan da yawa in sun cire sau guda ba sa mayarwa, duk da abin da littafi ya ce. Wasu kuma ba sa cirewa, layi suke ja su yanke rabin tsawonta.

Bagobiri Na Madawa: Wannan ta yankan rabi ta yi min. Ba a ɓata wa Malam Idi ba, ba a ɓata wa Malam Musa ba.

Saini Direba, Yamai: Rabin ma yana kama ƙasa in ka sa baya. Kuma ka lalata abin da za ka mayar ranar sayarwa. Dabarar Gobir ke nan, a yi asara biyu a ce an yi sulhu.

Sani Mai Dusa: To jama'a, na kai ta wurin Malam Idi da la'asar, ga abin da aka yi don mai irin motata. Ko kirik ba a sa ba, yaro ya shimfiɗa kwali ya kwanta. Kile 10 ne ya kwance bulo ɗin duka. Na gefen da ya tsage guda ya lanƙwashe, sai da aka ɗiga masa mai aka bi shi a hankali. Abin da na lura, bulo na can ƙarshe kusa da taya su ne kuma ke riƙe da robar cikin gidan taya. Da yaron ya zare su sai ta saki tana lilo. Malam Idi ya sa ya mayar da su ramukansu bayan an fitar da leɓen, ya ce in an bar ta haka iska za ta tura ta kan taya ta cinye ta kafin Badagishiri. Ya bi wayar fitilar hazo ya ɗaure ta sama. Robobin gefen radiyater ba a taɓa su ba, Malam Musa, na tsaya a kai.

Sai muka haska fitila tsakanin radiyater biyun. Malam Ghali, maganarka dutse. Ƙarangiya, fara busassu, har da leda. An hura da iska daga baya zuwa gaba, ƙurar da ta fito sai da muka ja da baya. Faifan ƙarfen yana nan amma ya lotse a tsakiya. Robar kuma na sa ta a rumbu, bulo da suka rage na ƙulle a leda na ɗaura jikinta.

Malam Musa Mai Koyar da Makanikanci: Madalla. Yanzu sanyi ake, ba za ka ga komai ba. Gwajin gaskiya sai Afrilu, da lodi, da kilim, a gudron Ƙwanni da tsakar rana. Kafin nan ka nemi ƴar na'urar gwajin ka riƙa karanta zafin ruwa da na bwat a waya. In ka ga lamba na hawa fiye da yadda ta saba a doguwar tafiya, aikin minti kaɗan ne ka mayar da robar.

Malam Idi Makaniki: Ba za ta hau ba. In ta hau, ni zan maida mishi kyauta, in kuma saya ma Malam shayi.

Malam Musa Mai Koyar da Makanikanci: Zaure ya shaida. Da madara nake sha.

Ghali Direban Poroje: Alhaji, abu guda. Yanzu da gaban ya ɗagu zuciya za ta riƙa ce maka shiga. Kori mai gudu ba a shigarsa, ko da roba ko babu. Inda injinka ke shaƙar iska bai motsa ba, yana nan inda yake. In ka tarar da ruwa na tafiya ka kashe mota ka jira tare da jama'a, yakan janye.

Sani Mai Dusa: In sha Allahu. Malam Idi, batun faifan, a miƙe wannan ko a yanka sabo?

Malam Idi Makaniki: Wanga siriri ne, in an miƙe shi dutse na farko zai maida shi yadda yake. Kawo ta Assabar da sahe kahin rana ta yi, mu auna mu kai ma mai walda. Lahadi ban buɗewa, ranar kasuwa ce.